Kafin a kama mai zagi, a fito da takarda

Baƙon da ya kwana biyu a Kano yana sauraron rediyo bayan sallar isha'i zai rantse babu garin da ya kai mu 'yancin faɗin albarkacin baki. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a ƙarshen 2003 tashoshi suke ta ɓullowa, har ta kai in kana murɗa akwatinka da daddare ba za ka wuce tasha biyu ba sai ka ci karo da wani yana rantsuwa an sace biliyan kaza, na tasha ta gaba kuma yana rantsuwa ƙarya ce tsagwaronta. Sojojin baka muke ce musu, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Abin da zai yi wuya ka ji shi ne wani ya ce ga takardar a hannuna, ranar kaza aka fitar da kuɗin, ga sunan kamfanin, ga wanda ya sa hannu. Da mai zargi da mai kare gwamnati, duk rantsuwa ce jarinsu.

Ni a ganina gwamnatocinmu ne suka haifi wannan hayaniyar da suke kuka da ita. Mutum ya ga titi ya tsaya shekara biyu ba a ƙarasa ba, ya ga an kewaye filin makarantar unguwarsu da kwano, ya je asibiti an rubuta masa magani ya sayo a waje, ya tambaya ba a ba shi amsa ba. Dole ya cike gurbin da abin da ya ji a majalisa. Wanda ya kulle fayil ya zura mukullin a aljihu ba shi da bakin kukan jita-jita, balle har ya sa a kama wani a kanta.

Amma kamun ake yi. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan wancan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Gwamnati ta sauya, jar hula ta shiga gidan gwamnati, sai ga shi a watan Mayun 2025 kwamishinan yaɗa labarai ya fito yana sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, tare da sharaɗin duk wanda zai yi magana a rediyo ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai yi ɓatanci ba. An ce da shugabannin kafafen yaɗa labarai aka zauna aka yanke hakan. Ko da wa aka zauna, ba cinya ba ce ƙafar baya. Bulalar ma ba sabuwa ba ce a garin nan. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, sun sha ta a kotunan En'e, sun sha ɗauri a kan taro ba izini da abin da aka kira cin mutuncin masu mulki. Abin takaicin shi ne kusan duk wanda ya mulki jihar nan tun daga 1999 yana tinƙaho da cewa shi almajirin Malam Aminu Kano ne.

Ba ina kare zagi ba ne. Akwai maganganun da ake yi a rediyo da Facebook da ba za ka so 'ya'yanka su ji ba, ana shiga gidan mutum, ana taɓa iyayensa. Wanda aka yi wa ƙazafi yana da haƙƙin zuwa kotu kamar kowa. Abin da nake cewa shi ne an fara gyara daga wutsiya.

Ku tuna bidiyon dala. A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta saki hotunan bidiyo da ta ce na gwamna Ganduje ne yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa su aka yi. Majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti, ɗan jaridar ya bayyana a gabansa, daga baya babbar kotun jiha ta ce majalisar ba ta da hurumin binciken zargin aikata laifi. A 2021 ɗan jaridar ya bar ƙasar zuwa Ingila yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Shekaru muka kwashe muna gardamar ko babbar rigar tasa ce, ko muryar tasa ce, an ɓata zumunci a kan wannan magana. Alhali tambayar da ta fi kowace sauƙin amsawa tana kwance cikin fayil: waɗanne kwangiloli aka bayar a wannan tsakanin, wa aka ba, a kan nawa, kuma nawa irin wannan aikin ke ci a kasuwa? Da waɗannan alƙaluma suna inda kowa zai gani, da ko dai su wanke gwamnan ko su ɗaure shi, ba sai an nemo masanin bidiyo ba.

Kuma doka ta ce a gani. Mutane da yawa a garin nan, har da masu digiri, ba su san cewa tun ranar 28 ga Mayun 2011 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai ba. Ta sha wuya kafin ta fito: tun 1993 ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙi suka tsara daftarinta, ta shiga majalisa a 1999, aka amince da ita a 2007 Obasanjo ya ƙi sa hannu. Abin da ta ƙunsa ba mai wuyar fahimta ba ne. Kowa na iya neman kowace takarda daga kowace ma'aikata, kuma ba dole ba ne ya faɗi dalilin da ya sa yake nema. Ma'aikatar tana da kwana 7 ta bayar ko ta rubuto dalilin hanawa, ana iya ƙara mata wasu 7 in takardun na da yawa. In kotu ta tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke ciki don kar a gani, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Akwai kuma wani tanadi da ya fi dacewa da mu, wanda ban cika jin ana ambatonsa ba: wanda bai iya rubutu ba zai iya wakilta wani ya nema masa, in kuma da baki ya zo ya nema, aikin jami'in ne ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafi.

Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. Kotunan ɗaukaka ƙara ma sun saɓa wa juna a kai. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan kowane matakin gwamnati. Wannan mafakar ta rushe ke nan.

To amma doka daban, ƙofar ofis daban. Na taɓa raka shugaban ƙungiyar unguwarmu, dattijo ne ɗan fansho, wata sakatariyar ƙaramar hukuma a cikin birni. Kwalbati ce ta karye, duk damina ruwa ya shiga gidaje, kuma kansila ya sha faɗa mana an sa ta a kasafi. Abin da muke so kawai mu ga ko da gaske an sa, kuma nawa aka ware. Muka tarar da wani matashin ma'aikaci a bayan tebur, fanka ba ta juyawa, fayil-fayil ɗaure da igiya jibge a kan kabad har sun kusa taɓa silin. Ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya ɗago kai.

"Baba, wa ya turo ku?"

"Ba wanda ya turo mu, ɗana. Ruwa ne ya turo mu."

"Ai Baba irin wannan sai da izinin Ciyaman, kuma ba ya gari."

"To karɓi wasiƙar ka buga mana hatimi a kwafinmu."

Ya ce ba shi da hurumin karɓa. Da muka juya za mu fita sai ya biyo mu baranda, ya rage murya, cikin ladabi ƙwarai ya ce, "Baba, in wani abu ƙungiyar taku take buƙata ku faɗa kawai, sai a san yadda za a yi." Wannan jimlar ta fi ƙin karɓar wasiƙar ci mini rai. A tunaninsa, kuma ba shi kaɗai ba, ba mai neman takarda don Allah. Ko ɗan adawa ne aka turo, ko mai neman a toshe masa baki.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Ranar da aka ɗauki ma'aikaci aiki ana rantsar da shi a kan riƙe sirri, ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da har yanzu ba a soke ba, ga fayil da ake buga wa tambarin sirri ko da maganar sayen tsintsiya ce a ciki. Dokar 2011 ta ce wannan tambarin kaɗai ba hujjar hanawa ba ne, ta kuma ba da kariya ga ma'aikacin da ya fitar da bayani da kyakkyawar niyya. Amma shi yaron abin da ya sani shi ne in ya miƙa takarda gobe zai iya tsintar sunansa a jerin waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Doguwa. Har sai ya ji daga bakin gwamna da shugaban ma'aikata cewa hanawa ce laifi, ba zai sauya ba.

Masu cewa talaka abinci yake nema, ba takarda ba, su dubi abin da ya faru a watan Yunin 2023. Kwanaki kaɗan da rantsar da gwamna Abba Kabir Yusuf, katafila ta shiga gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi da wasu wurare. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka yi wa yankan kashi ba bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka ce da kuɗinsu suka saya, ga takardun gwamnati a hannunsu. Babbar kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare kake goyon baya, lissafin ɗaya ne. An sayar a ɓoye, an rushe da rana, dukiyar 'yan kasuwa ta salwanta, sannan aka ɗebi kuɗin baitulmali, wato kuɗin alli da allura, aka biya diyya. Da tun farko doka ta tilasta a buga sanarwar duk filin gwamnati da za a sayar, da farashinsa da sunan mai saye, wata uku kafin a sa hannu, da mutanen Fagge da malamai da 'yan kasuwa sun yi rigimarsu tun ba a sa bulo ko ɗaya ba.

Haka maganar kwangilar magungunan ƙananan hukumomi 44 da ta fasu a watan Agustan 2024. Ba daga majalisa ta fito ba, ba daga ofishin mai binciken kuɗi ba, daga bidiyon soshiyal midiya ta fito. Gwamna ya ce bai san da ita ba, ya umarci Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha ta bincika. In mun ɗauki maganarsa yadda ya faɗa, to rufa-rufar ta kai matsayin da shi kansa mai jihar sai a waya yake ganin abin da ake yi da kuɗin ƙananan hukumominsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa gwamna mai son kansa da arziki ya buɗe littattafai, don idon mutum miliyan goma sha wani abu ya fi na hadimansa gani. Kuma duk wannan wata ɗaya ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Za a ce ai ana wallafa kasafin kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba don Allah aka fara ba: wani shirin Bankin Duniya da aka soma a 2018 ne ya riƙa ba jihohi tukuicin daloli in suka ɗora kasafinsu da rahoton kashe kuɗi a intanet a kan lokaci. Kasafin Kano na 2024 naira biliyan 437 ne, na 2025 ya haura biliyan 700. Kundin yana nan, ɗaruruwan shafuka, da Turanci, cike da lambobin akanta, a shafin da sai mai data da haƙuri zai buɗe. Mai shayi a Kurna ko mai ɗinki a Yakasai me zai yi da shi? A jihar da kusan kowa da Hausa yake ciniki, yake sauraron wa'azi, yake zaɓe, wallafa lissafi da Turanci kaɗai wani salon ɓoyewa ne. Kasafi kuma alkawari ne kawai. Abin da aka fitar da wanda ya karɓa shi ne labarin.

Ku tsaya ku karanta allon kwangila na gaba da za ku gani a bakin titi. Za ku ga sunan aikin, da ma'aikatar da ta bayar, da sunan kamfani, sau da yawa da hoton mai girma gwamna ko ɗan majalisar da ya "kawo" aikin. Layi biyu ne ba kasafai ake gani ba: kuɗin aikin da ranar gamawa. Fentin da aka zana hoton da shi ya isa ya rubuta su sau goma. A masallacin unguwa kuwa, in ana ginin bene, ma'aji kan tashi bayan sallah ya karanto abin da aka tara da buhun siminti nawa aka saya, wani lokaci har a rubuta a allo a jingine a bakin ƙofa. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin cin fuskar kwamiti. Ma'ajin da ya daina karantowa ne ake fara yi wa kallon mai kaza a aljihu.

An gwada wannan a ƙasashen da ba su fi mu arziki ba. A Yuganda wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare yake isa hannunsu, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma sa makarantu su manna abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren tare da wannan, amma iyaye da hedimastoci sun san abin da ya kamata su tambaya. A jihar Rajastan ta Indiya kuwa, tun tsakiyar shekarun 1990 ƙauyawa suka riƙa taruwa a dandali ana karanto musu sunayen waɗanda takarda ta ce an biya ladan aikin gwamnati. Sai a ji sunan wanda ya mutu shekaru da suka wuce, wai ya yi aiki ya dangwala hannu ya karɓa. Wannan gwagwarmayar na cikin abin da ya haifar da dokar samun bayanai ta Indiya a 2005. Mafi yawan waɗanda suka zauna a dandalin ba su iya karatu ba. Kunne suka kawo, kuma sun san mutanen garinsu.

Mu ma kunnen muke da shi, ga rediyo a kowane shago da kowace adaidaita sahu. Tun 2004, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, ake wallafa kason da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya duk wata, kuma kason ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai a 2023. Wato rabin lissafin yana waje: an san abin da aka rubuta wa Dala da Gwale da Tarauni da Ungogo. Ɗaya rabin muke nema, abin da ya isa da inda ya tafi. Takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a manne a ƙofar sakatariya da asibitin sha-ka-tafi da ofishin hedimasta, a kuma karanta ta a rediyon jiha ranar da aka sani. Gidajen rediyo masu zaman kansu da ke sayar da sa'o'i ga sojojin baka su ma za su iya ware minti goma sha biyar a mako su karanto kwangilolin da aka bayar, ba sharhi, ba kiɗa.

Akwai sirrin da ya halatta, ba musu. Dokar kanta ta keɓe abin da ya shafi tsaron ƙasa, da binciken da 'yan sanda ba su gama ba, da bayanan lafiyar mutum da makamantansu. Kuɗin kwalbati ba ya cikinsu. Masu cewa tuhumar shugaba rashin tarbiyya ne kuma, malamanmu da kansu ke ba mu labarin ranar da aka tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari, aka ce ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya samo ƙarin yadin da ya ɗinka riga, tunda rabon da aka yi wa kowa bai isa dogon mutum irinsa ba. Bai sa an kama mai tambayar ba. Ɗansa Abdullahi ya kira ya shaida cewa nasa kason ya ba shi.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne mu kanmu. Wanda ya fi kowa ihun a fito da takardun kwangila a 2018, yau shi ne ke cewa masu tambaya 'yan hassada ne. Wanda a 2018 ya ce a bar gwamna ya yi aiki, yau ya zama ɗan gwagwarmaya. Kowa na son a buɗe fayil ɗin abokin hamayya a bar na maigidansa. Shi ya sa nake ganin wannan aikin ba na 'yan jam'iyya ba ne. Na ƙungiyoyin unguwa ne, da kwamitocin iyayen yara, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari waɗanda ake karɓar haraji a hannunsu kullum, mutanen da kwalbatin ta shafa ko wa ke mulki.

Wasiƙar ba ta buƙatar lauya. A rubuta sunan ma'aikata, a ambaci dokar 2011, a faɗi takardar da ake so ƙarara, misali takardar ba da kwangilar aiki kaza da shaidar biyan kuɗinsa, a sa kwanan wata, a riƙe kwafi. In an ƙi buga hatimi a aika ta kamfanin kai saƙo a ajiye rasit. In kwana 7 suka wuce shiru, doka ta ɗauka an hana, kuma mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara babbar kotu. A nan ne talaka ke sarewa, don shari'a kuɗi ce da jeka-ka-dawo, kuma a nan ya kamata ƙungiyar lauyoyi reshen Kano da ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero su shigo, su ɗauki irin waɗannan ƙararraki ko guda goma a shekara kyauta. Sashe na 125 na tsarin mulki kuma ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki. Mambobi 40 ne a zauren nan, kowannensu yana da gida a mazaɓarsa, kuma ana iya tarar da shi a ɗaurin aure ranar Asabar a tambaye shi ko ya karanta na bara.